Fikafikan Da Aka Buga Wa Guduma

Zuwa ga ƙanena, Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, Allah ya tsare min kai, ya tsare abokan aikinka a duk inda kuka sa ƙafa. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kowa. 'Yarka ta fara tafiya, kuma ta gado taurin kanka kaf, ba ta yarda a riƙe mata hannu. Matarka tana ƙoƙarin nuna ba ta damu ba, amma ni mace ce, na san idon da ya yi kuka.

Auta, ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Ka zauna ka karanta wannan da kyau. Na kira wayarka har na gaji, na san inda kuke ba ta shiga, shi ya sa na ba direban da ke kai muku kaya wannan takarda.

Ka san na'urorin da kuke neman tsofaffin bama-baman da ke binne a gonaki da su, daga ma'aikatarmu suka fito, kuma a teburina ake gwada su. Abin da ke jin ƙarfe a cikinsu bai fi ƙwayar shinkafa ba, shi kaɗai kuma ba ya ji da nisa. Saboda haka muka sa masa siraran ƙarafa biyu, hagu da dama, masu faɗi a waje da tsini a ciki. Muna ce musu fikafikai. Aikinsu irin na mazurari ne, su tattaro ƙarfin maganaɗisun da ya bazu su zuba shi kan ƙwayar, sai ta ji ƙarfen da ke can ƙasa sosai. Ranar da muka yi nasara na yi ta cika maka baki, har ka ce in rage.

To, ƙarfen fikafikan nan ɗan lele ne. Sai an gasa shi a tanderu, an bar shi ya huce a hankali, sannan yake aiki. Daga nan ba ya son duka, ba ya son lanƙwasa. In ya bugu, a ido lafiyarsa ƙalau, amma jinsa ya ragu ƙwarai.

Shekaranjiya da safe na shiga ɗakin haɗawa neman almakashi, sai na ji ƙwas, ƙwas. Baba Mai Haɗi ne, dattijon nan da ya shekara talatin yana ɗaura inji. Na tarar yana zaunar da fikafikan cikin gidansu a jikin na'urar da 'yar guduma. Na tambaye shi tun yaushe yake haka, ya ce ai shi bai taɓa rufe abu bai ɗan buga shi ya ji ya zauna daram ba, haka aka koya masa. Ni kuwa ina gwajina ne kafin a rufe, ba bayan an rufe ba. Ban taɓa gaya masa dalili ba, na ɗauka takardar gargaɗin da na manna a bango ta isa. Laifin nawa ne, kuma ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Na ɗauki na'urori uku daga waɗanda ya rufe, na binne ƙarfe a bayan ma'aikata zurfin hannu guda. Biyu suka wuce ta kansa shiru.

Gwajin da kuke yi kowace safiya ba zai tona wannan ba, domin kusa kuke kawo ƙarfen gwajin, dole na'urar ta yi kuka. Ka haƙa rami har hannunka ya shige zuwa kafaɗa, ka binne guntun ƙarfe, ka bi da kowace na'ura ta kai. Wadda ta yi shiru a ajiye ta. Ka gaya wa shugabanku, in ya ƙi ji ka nuna masa takardar nan. Duk filin da kuka riga kuka ce ya tsarkaka da sababbin na'urorin, kada a bar manomi ya shiga da garma.

Manajanmu ya ce in yi shiru har kwamiti ya zauna mako mai zuwa. Na ce masa to. In sun kore ni, sun daɗe ba su kora ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Kawu da Goggo da matarka duk suna gaisuwa, na ce musu takardar zumunci ce kawai. Direban ya ce in hanya ta yi kyau zai iso ku ranar Talata. Matarka kuma ta ce min ranar Litinin za ku shiga sabuwar gona. Ina roƙon Allah ya saukar muku da ruwan da zai hana ku fita.

Taka har kullum,
Yayarka