Fentin Gadar Kasuwa

Litinin, 7 ga Afrilu

Yau ma na shiga ƙarƙashin gadar kasuwa. Shekara ashirin da biyu ke nan ina aikin duba gadojin garin nan, daga ni sai guduma da tocila, har yau ba a saya mini takalmin ruwa na kirki ba. Na ƙwanƙwasa ginshiƙi na uku, ya amsa mini kamar tulun da ba komai a ciki. Siminti na ɓarewa a hannu, rodi duk tsatsa ta cinye. Tsagar da bara ƙusa ce kawai ke shiga, bana yatsuna biyu sun shige. Ina nan tsugune tifa ta wuce ta sama, yashi ya zubo mini a ka.

Hanyoyi da gadoji tara ke jiran gyara, kuɗin bana na gyaran guda biyu ne kacal. Kwamitin kasafi zai zagaya ranar Talata ta sama ya zaɓa. Madalla. Su zo su gani da idonsu, na gaji da rubutu.

Laraba, 9 ga Afrilu

Darakta ya ce in daina rubuta rahoto kamar mai sanarwar rasuwa, wai ina tayar wa mutane hankali. Na ce ranka ya daɗe, ba ni ba ne, gadar ce. Ya yi dariya ya sa aka kawo mini shayi. Mutumin nan ko gobara ka kawo masa labari, shayi zai ba ka.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na biya ta shagon Yaya. Yana can ƙetare, daidai bakin gadar, buhunan shinkafa da gari har rufi, kuma duk ta kan gadar nan motoci ke kawo mata su. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar Inna, da cinikin nan ta yi mini karatu. Har yau da furfurata, Auta take ce mini a gaban kowa.

Ta ji ƙishin-ƙishin wai za a rufe gada. Ta ce in aka rufe sai dai mota ta zagaya ta bayan tashar jirgi, tafiyar awa guda, wane direba ne zai yarda? Masu saye kuma su koma sabuwar kasuwa, shi ke nan ta tashi aiki.

"Auta, kada in ji hannunka a ciki."

Na ce ba rufewa za a yi ba, gyara za a yi. Na faɗa da ƙarfina kuwa, sai ka ce kuɗin a aljihuna suke.

Talata, 15 ga Afrilu

Ban ma san ta ina zan fara ba.

Mun iso gada tare da kwamiti, sai na hango ta tana ƙyalli. Fari da baƙi, sabon fenti, ko warinsa bai fita ba. Ashe Gaggawa, shugaban leburorinmu, da ya ji manya za su zo, jiya ya kwashi mutanensa suka share wurin tas, suka lafta siminti a bakin tsagar da ake hangowa daga sama, suka bi da fenti. Haka ofishinmu ya saba tun kafin a ɗauke ni aiki: in baƙi za su zo, a gyara wuri kada a ji kunya. Ba wanda ya sa shi. Yana gefe yana washe baki, jira yake a yaba masa.

Aka kuwa yaba. Shugabar kwamiti ta ce ai wannan ta fi duk sauran lafiya. Na ce ranki ya daɗe, mu sauka ƙasa in ƙwanƙwasa ki ji da kunnenki. Ta dubi gangaren, ta dubi takalminta, ta dubi agogo. Minti shida suka yi a wurin, na duba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na wanke Gaggawa tas. Ya rantse shi dai bai so a ce ma'aikatarmu ta ƙazamai ce. Har idonsa ya kawo ruwa. Ka rasa ma yadda za ka yi fushi da mutum, sai haushin ya dawo ya zauna maka a ciki.

Juma'a, 18 ga Afrilu

An fitar da sunaye: titin gaban majalisa da gadar filin wasa. Gadar kasuwa kuwa "sai baɗi". Bara ma baɗi aka ce. Wannan baɗin dai ban san wace shekara yake zuwa ba.

A rediyo ana ta cacar baki kan ƙarin harajin hanya. Kowa na son titi sumul, ba mai son a taɓa masa aljihu. Har maman yara ta ce in aka ƙara sai ta fita zanga-zanga, ita da kullum take tsine wa ramin ƙofar gidanmu. Na ce to da me za a cike ramin, da tsinuwar? Ba ta kula ni ba har aka gama cin abinci.

Litinin, 21 ga Afrilu

Takardar shekara ta iso teburina. Layi ɗaya ce: gada za ta iya ɗaukar motoci har wata shekara, sai wurin sa hannu. Darakta ya ce in sa kawai, kamar yadda na saba.

Kamar yadda na saba. Gaskiya ya faɗa kuwa. Sau uku ina sa wa gadar nan hannu, kowane karo ina gunaguni, in rubuta "tana buƙatar gyara" can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, in je gida ina jin na sauke nauyi.

Ya ce in na ƙi, dole a rufe, 'yan kasuwa su yi mana ca, kuma kowa zai san wanda ya ja. Damina kuma saura 'yan makonni. Gaba kura, baya sayaki.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ban sa hannun ba. Na rubuta a rufe ga kowace mota, masu ƙafa kawai.

Asabar, 26 ga Afrilu

An kafa shinge. Yaya ba ta ɗaga wayata.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na je gidanta da hantsi. Ko tabarma ba ta shimfiɗa mini ba. Ta ce motoci biyu sun juya da kayanta jiya, wuni guda buhu ɗaya ta sayar, ta ce ba ta taɓa zaton za ta raini wanda zai toshe mata hanyar abinci ba. Ta yi ta faɗa har ta gaji don kanta. Sannan na miƙa mata waya ta ga hotunan: rodin da ya rube, da yatsuna a cikin tsagar. Ta daɗe tana kallo, har ta ɗauko tabarau.

"Tun yaushe ka san haka take?"

"Shekara uku."

"Shekara uku motar makarantar jikokina na bi ta kai safe da yamma, kana zuwa nan kana cin abincina, ba ka ce mini komai ba?"

Tun daga gida na shirya amsar dalilin rufewa, har da lambobi. Wannan ban shirya mata ba. Na fara kame-kame, ai na rubuta, ai kasafi, ai kwamiti ne suka...

"Kwamiti ba ƙanena ba ne," ta ce.

Ta shige ɗaki. Kunya ta rufe ni, na rasa ma ta inda zan fita daga gidan da na girma a ciki.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ofis shiru, kowa na kauce wa idona. Su suka sani.

Na sa an fito mini da fayilolin sauran gadoji huɗun da na sa wa hannu bara. Ba wani abu ba ne, dubawa kawai zan yi. Takardar gadar asibiti ma ta iso yau, Darakta ya aiko a ce yana jira kafin a tashi. Na sa ta a aljihun tebur. Gobe da safe zan ɗan leƙa ƙarƙashinta tukuna, tunda hanyata ce.

To, ba hanyata ba ce.