Keken da Ka Bari a Nguru

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa daga Gashuwa. Ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mu nan lafiya, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Shekaranjiya a shagon intanet na ga tallan keke daga Nguru. Yaya, naka ne, wanda ka ba maƙwabcinka Modu ajiya. Har rigar sirdin da Inna ta saƙa tana jiki. Na buga lambar wayar da ke jikin tallan kamar mai saye. Mutumin da ya ɗauka ba Modu ba ne, ko sallama bai amsa ba. Na tambaye shi ɗan gidan wa ne, ya ce ba ruwana, mu haɗu a bayan tasha. Mai kayan halas ai ƙofar gidansa yake kiran mutum, a gaban maƙwabta.

In kai ka sa a sayar, sanar da ni. In ba kai ba ne, zan je bayan tashar tare da Modu, in ga yadda za su kalli juna.

A gai da yara. Ka taya ni addu'a, ya zama Modu bai san mutumin ba.

Ƙaninka,
Sale