Ba Toka Ce Ta Kashe Gonar Baba Ba

Runjin Sambo, Sakkwato.

Zuwa ga Yayana Gazali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya kuma ba ka sauƙin ƙafar nan da damshin Fatakwal ke tayar maka. Mu nan sai godiya. Inna ta warware, har ta koma azumin Litinin da Alhamis duk da mun hana ta. 'Yata Khaula ta gama jarrabawa, tana jiran sakamako.

Na zaɓi rubutu ne don na san in na kira ka zan ɗaga murya, kai kuma ka kashe waya. Na ji abin da ka ce wa ƙanenmu Arzika: wai tunda geron bana ya ƙone, ƙasar gonar Baba ta mutu, a kira masu yanka filaye a sayar. Yaya, ban yarda ba, kuma ba zan sa hannu ba. Ka ji ta bakin ƙanenmu, yanzu sai ka ji tawa.

Rani guda na yi ina tara tokar itace. Na bi masu tuwon Ƙofar Taramniya da gidan burodin bayanmu, na tankaɗe ta da hannuna, na fitar da ƙusa da gawayi, na ƙi ta bola saboda leda. Buhu goma sha huɗu. Mata suna ta dariya wai Malama ta ajiye alli ta koma kwasar murhu. Ban kula su ba. Abin da na karanta a littattafan noma shi ne abin da Baba ya yi shekara da shekaru ba tare da littafi ba: toka tana rage tsamin ƙasa, ta ƙarfafa kara, zangarniya ta cika. Amma watsa ta ake yi sama-sama kafin ruwan farko, a juya ta da ƙasa, a bar ta ta huce. Sau uku na faɗa wa Arzika haka, har na rubuta masa a bayan kalanda.

Ashe bai watsa ba, jibge buhunan ya yi a bukka. Ranar shuka ina asibiti da Inna, sai ya fito da nasa ilimin. Wai tunda toka ce ke tsare iri daga ƙwari a rumbu, za ta tsare shi a rami. Ya bi kowane rami ya zuba tafi guda cur a kan iri. Ruwa ya sauka, tokar ta jiƙe ta zama kamar ruwan kanwa, ta cinye tsiron tun bai ga rana ba. Da na tuhume shi, sai ya ce ba a koyon noma wurin mace mai tabarau. Na ce da tabaraun ne nake ganin gonar maƙwabcinmu Lawali, wanda na ba buhu biyu ya watsa yadda na ce, ga geronsa nan ya kai gwiwa, kore shar. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Wannan bai faɗa maka a waya ba, ko?

Ga abin da na yi. Shekaranjiya na sa an baje kunyoyin don tokar ta bazu, aka sake ɗaga wasu. Jiya mun shuka gero mai saurin nuna ta gabas, wake ta yamma. Arzika ya zo ya tsaya bakin gona yana kallo, na miƙa masa sungumi, ya karɓa yana gunaguni. Damina ba ta yi nisa ba, kuma daga yanzu ni da ƙafata zan riƙa zuwa. Ba na neman komai a wurinka sai ka dakata har kaka. In ka zo ba ka tarar da dami ba, sai mu zauna mu yi magana. Kafin nan, duk wanda ya shigo da igiyar awo, ni zai tarar tsaye a kan kunya.

Ka gaida mini Sumayya, da Abdulrasheed, da autanku Jelani. Khaula tana gaida Kawunta. Inna tana sa muku albarka. Ban gaya mata maganar sayarwa ba, don Allah ka janye ta kafin ta ji a bakin wani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Ƙanwarka,
Atika.