Ɗana Ya Ƙara Wa Agogon Mahaifinsa Sauri

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai yi mini dariya ba.

Maigidana ya rasu bara. Tela ne. Ya bar agogon hannu irin na da, wanda ake murɗawa kullum, ba mai batir ba. Tun aurenmu yake hannunsa. In ya dawo daga shago yakan cire shi ya ajiye a kan kabad, ina ninke kaya ina jin bugunsa a hankali, kamar tafiyar mai shi. Bayan rasuwarsa ni na ci gaba da murɗa shi. Ba lokaci nake dubawa ba, Malam, karawa nake yi a kunne.

Babban ɗanmu gyaran agogo yake yi. Ya lura agogon yana jinkiri, ya karɓa zai wanke ya sa masa mai. Ya daɗe a wurinsa. Ranar da ya dawo da shi bakinsa har kunne, yana ta yi mini bayani: wai ya canza wata siririyar waya mai kama da gashi, da 'yar ƙafar da ke kai-komo, da wasu masu haƙora. Da sau biyar yake bugawa a sakan, yanzu takwas, ba zai ƙara makara ba. Na kara a kunne. Wallahi ba shi ba ne. Bugu yake kamar zuciyar wanda aka biyo a guje. Na sa masa albarka, na shige ɗaki na yi kukan da ko ranar rasuwar ban yi ba.

Yanzu agogon yana cikin durowa, ya tsaya. Yaron in ya zo gaishe ni idonsa na kan kabad, ba ya tambaya, ni ma ba na cewa komai. Zuwan nasa ma ya fara raguwa. Ƙanwata ta ce in ji kunya, ƙarfe ne kawai. In faɗa masa in karya masa zuciya, ko in yi shiru?

Uwar mai gyara

Baiwar Allah, Allah ya jiƙan maigida. Ƙanwarki ta yi gaskiya, ƙarfe ne, amma ba ita ta ninke kaya a gefensa ba.

A iya karance-karancena ban taɓa cin karo da ɗa mai sana'a da ya iya faɗin kewar ubansa da baki ba. Kafinta sai ya gyara ƙofar da lafiyarta ƙalau. Naki ya zauna ya magance makara ga matar da ba ta da inda za ta. Sai dai aikin ba ƙarami ba ne: in ka hanzarta bugu, dole ka sake lissafin haƙoran duka, in ba haka ba agogon ya riƙa gudu. Makokinsa ke nan, ya yi shi da gilashin masu gyaran agogo a ido.

Shirunki ya fi maganar ciwo, domin ɗanki yana ganin kan kabad ba agogo, yana fassarawa yadda ya ga dama. Ki ɗauki agogon ki same shi a shago. Masu gyara ba sa zubar da ko ƙusa, tsofaffin kayan suna nan cikin wani ɗan gwangwani, kuma ana iya mayar da su. Ki fara da yaba hannunsa, sannan ki gaya masa abin da kike saurare a ciki. In girman kai na sana'a ya motsa, ki tuna masa cewa saurin bugu yana cinye tsohon inji, ya fi ni sani.

Kada ki sa rai sautin zai dawo daidai da na da, agogon da aka wanke muryarsa kan ɗan sauya. Ki ja kujera ki zauna yana aikin, ku yi hirar mahaifinsa. In ya yi kuka, ki bar shi ya ce wani abu ne ya faɗa masa a ido.

Allah ya ba ku haƙuri, ya shirya tsakaninku.