Wanda Ya Ci Shi Ke Durƙusawa

Zuwa ga Oga Ishaya,

Gaisuwa mai yawa. Da kana nan da na tambaye ka gajiya da aiki da iyali, ka amsa mini da lafiya ƙalau ɗin nan taka ta mutanen Billiri. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ba sai wani ya tuna mini ba, ni na kama ƙafafunka aka sa ka a mota. Amma kakar wasa ta ƙare, kuma duk faɗin Wudil babu mutum ɗaya da zan zagi ƙungiyar nan a gabansa ya gane abin da nake zagi. Don haka kai za ka ji. Ai kai ka jawo mini.

Ka tuna ranar da ka turo babur ɗinka rumfata a gindin gada, tayar baya ta yi faci? Kana sanye da wata riga mai ƙatuwar lamba gaba da baya, na tambaye ka daga wane gidan yari ka tsere. Ba ka yi fushi ba. Ka ce a gwanjo ka tsince ta ranar kasuwa, ka koma ɗakin gwaje-gwajen da kake aiki a jami'a ka bincika ko ta su wane ce, ka tarar ta wata ƙungiyar ƙwallon Amurka ce, ta wani gari da ƙanƙara ke rufewa, kuma ba su da sana'ar da ta wuce shan kashi. Mai hankali da ya mai da ita tsumman goge babur. Kai kuwa sai ka ce riga ta riga ta zaɓe ka.

Haka ka ja ni gidan kallon Alhaji Manu, ƙaramar talabijin ɗin nan ta lungu, kusa da ƙofar janareto, duk Lahadi bayan magariba. Jama'a suna can gaban babba suna ihu a kan ƙwallon Turai, mu biyu muna kan bencinmu muna kallon ƙarti masu hular kwano suna tunkuyin juna. Kokawar 'yan acaɓa, haka 'yan gidan kallo suka raɗa masa. Ni da na bar makaranta tun firamare, saboda wasan nan na dinga haɗa baƙin Turanci a waya har na iya karanta dokokinsa da kaina, don kawai in ƙaryata ka.

Kuma ka tuna abin da na yi ranar farko? Ana dab da tashi, mai jifan ɗaya ƙungiyar ya karɓi ƙwallo, bai gudu ba, bai jefa ba, sai ya durƙusa. Na ce maka ashe dai Amurkawan nan suna da sauran tarbiyya, ga yaro yana ba alƙali haƙuri. Ka yi dariya har ka ƙware da ruwan leda. Da ka farfaɗo ka ce mini a wasan nan wanda ya ci shi ke durƙusawa. Yana gaba, lokaci ya kusa ƙarewa, sai ya kai gwiwa ƙasa agogo ya cinye kansa, kuma babu mai ikon taɓa shi. Abin ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Mu nan wa muke durƙusa wa? Uba, suruki, mai unguwa, duk wanda wuyanka ke hannunsa. A ce akwai ƙasar da gwiwa a ƙasa take nufin na fi ƙarfinku!

Burinka ɗaya ne, ka faɗa mini har na haddace. Ka ga yaronmu mai jifa ya durƙusa a gaban maƙwabtan nan namu, abokan gabar da ke lallasa mu kowace shekara, kuma da su za a rufe kakar bana. Ka ce ranar za ka saya mini kifi soyayye a bakin gada har sai na ce ya isa.

Sai motar shanu ta kwashe ka ranar Juma'a, tsakiyar damina, ana saura 'yan makonni a fara kakar wasa.

To bari in ba ka labarin abin da ka rasa, ko da yake wallahi ba ka rasa komai ba.

Sun fara da kyau, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ana yankan gero a Utai muna ci. Yaron yana jifa kamar ya auna da igiya, dogon nan mai kama ƙwallo da hannu ɗaya yana cafewa. Ina zaune ni kaɗai a benci, in miƙe in yi ihu, in juyo in dafa kafaɗarka, in dafa iska. 'Yan gaban babbar talabijin su waiwayo su ce ɗan faci ya fara taɓuwa. Ban kula su ba. A raina cewa nake bana ce, bana ce, sai da ka tafi 'yan banza za su gyaru.

Lokacin cirar gyaɗa aka karya yaron. Wani ƙato ya faɗo masa ta baya, gwiwarsa ta juya inda Allah bai halicce ta ta juya ba. Sai na ga duk 'yan wasan, namu da nasu, sun cire hula sun durƙusa kewaye da shi. Oga, ba ka gaya mini akwai wannan durƙuson ba. Me ya sa? Ka koya mini na cin nasara ka ɓoye mini na jiran a ɗauke mutum a ƙaramar mota. Na fita waje na tsaya bayan janareto, don a nan ne kawai ba mai jin abin da mutum yake yi.

Daga nan komai ya zube. Suka ɗauko wani tsohon mai jifa da ya kamata a ce yana gida yana goyon jikoki, yana miƙa wa abokan gaba ƙwallo kamar mai rabon sadaka. Masu tare masa gaba kuwa, zanar dangar gidanmu ta fi su tare iska. Alƙali ya jefa ƙyallen nan rawaya, mu ne da laifi. Ya sake jefawa, mu ne dai. Ana tsakiyar kaka masu ƙungiya suka sayar da dogon nan mai hannu ɗaya, wai suna tanadin gaba. Wace gaba? Sannan suka kori koci, suka ɗora mataimakinsa, wani mai tauna cingam kamar akuya, yana kallon kwali a hannunsa ana yanka mu. Akwai ranar da muka kai bakin ci, saura mai bugu da ƙafa ya ɗaga ƙwallo tsakanin ƙarafan nan biyu, faɗinsu ya isa tirela ta wuce. Ya buga ƙarfen. Aikinsa ke nan fa a duniya, Oga, shi kaɗai. Da haka nake faci da tuni an kore ni daga gindin gada.

Labarin gida kuma ga shi. Matarka Maman Ladi ta koma Billiri da yarinyar bayan an share makoki. Kafin ta hau mota ta miƙo mini rigar a leda, ta ce ita ba za ta iya ganinta ba. Ladi ta fara tafiya, an turo mini hotonta, goshinka ne sak. Ɗakinka wasu ɗalibai 'yan Zuru suka kama, sun shafe shi da shuɗin fenti. Innata tana yawan tambayata yarinyar, har yanzu ba ta iya faɗin sunanka daidai ba. Direban motar shanun kuwa yana nan. Na gan shi da idona yana lodi ranar kasuwa, yana cin rake. Aka ce ƙaddara ce, aka ce in yi haƙuri. Na san ƙaddara, ba yau na fara jin ta ba. Amma me ya sa kullum bakin wanda bai rasa kowa ba ne ya fi iya faɗinta?

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan.

Ka san bakina, kai ka sa mini Sarkin Baki. Wata Lahadi, ana saura wasanni kaɗan a gama, ina cikin kallo Alhaji Manu ya zo ya canja tasha ba ko sallama, wai mutane sun yi yawa a gaba, za a sa musu wani wasan a ƙaramar. Na yi magana. Sai ya ce wanda ya kawo shirmen nan ai ya tafi, shirmen ma ya bi shi. Oga, ban san lokacin da na miƙe ba. Na gaya masa, a gaban kowa, cewa shekara da shekaru kana gyara masa wayoyin gidan nan kyauta, amma ko ƙofar gidanka bai taka ba da aka yi rasuwa. Na ce hular kansa ta fi abin da ke ƙarƙashinta nauyi. Na ƙara da wasu da ba zan rubuta ba. Aka fitar da ni, ya ce in ya sake ganin ƙafata a gidansa sai dai a ji mu a ofishin 'yan sanda.

Na ce oho. Na gwada waya, sai hoto ya tsaya cak mutum yana sama, ya dawo an riga an tashi. Na zaga sauran gidajen kallo har hanyar Darki, suka dube ni kamar na nemi a sa musu wasan aljanu. Wurin Alhaji Manu kaɗai tashar take. Ga wasan ƙarshe yana matsowa, da maƙwabta, kuma ana ta raɗe-raɗin yaronmu ya warke zai iya dawowa. Kwana nake ina juyi. In ya dawo ya durƙusa a gabansu, kuma babu ko ɗayanmu a bencin fa? Kai kana da uzuri. Ni mene ne nawa?

Na je. Da la'asar, yana zaune a kan tabarma ƙofar gidan kallo da abokan hirarsa, yara suna share ciki. Na cire takalmi na durƙusa. Ni, Sabi'u, da ko kawuna sai Inna ta harare ni nake rusuna masa. Gwiwa biyu a ƙasa, a kan tsakuwa. Na ce Alhaji na yi kuskure, a yafe mini, yaro ne ni. Bai ce in tashi ba. Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa, ya juya yana tambayar na kusa da shi yadda tumatirin rani ya yi a fadama. Masu wucewa suna rage tafiya. Wani ɗan acaɓa ya tsaya ya ce a ɗauki hoto, yau Sarkin Baki ya yi mubaya'a. Sai da gwiwoyina suka mutu sannan Alhaji ya ce ya ji, amma ranar kawai, kuma ba sauti.

Na sa rigarka na zo. Ta yi mini yawa, har gwiwa take kai mini.

Ba su sa yaron ba. Yana tsaye a gefe cikin rigar sanyi, lafiyarsa ƙalau, yana dariya da wani. Ba shi kaɗai ba, duk wanda ya san hannunsa sun ajiye shi, suka zubo wasu yara da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Tun ban gane ba har na gane. Kai ka taɓa gaya mini cewa a wasan nan ba a jefa kowa rukunin 'yan dagaji, wanda ya zo na ƙarshe ma shi ake ba damar fara zaɓen sabon ɗan wasa mafi kyau a shekara mai zuwa. Lokacin na ce kai, wannan adalci ne. Ashe abin da suke nema ke nan. Da gangan suka zo su faɗi, Oga. Kyamara ta haska magoya bayanmu a cikin filin, ana cin mu suna tafi.

Da lokaci ya zo ƙarewa, mai jifan maƙwabta ya karɓi ƙwallo ya kai gwiwa ƙasa. Ya tashi, ya sake. Ba sauti, sai ƙarar janareto. Na zauna ina kallonsa, gwiwoyina suna yi mini zugi, shatin tsakuwar Alhaji Manu bai gama ɓacewa ba.

Yanzu ka gaya mini, tunda kai ne malamin. Sun faɗi an ba su kyauta. Direba ya take mutum yana cin rake. Ni da na zo na ƙarshe a bana, wa za a ba ni in zaɓa? A ina ake layin? In akwai, ba na son sabo, ba na son mafi kyau. Wanda ke ƙwarewa da ruwan leda nake so.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Shekarar farko gaba ɗaya ban ga abin so a wasan nan ba. Zuwa nake saboda kai ne mutum na farko mai takarda da yake tambayata me na gani, kuma ya tsaya ya ji amsa. Oga nake ce maka har ka tafi. Yaya ya kamata in ce, bakin nan da ba ya shiru sai ya kasa.

An ce masu ƙungiya za su ɗauko wani yaro mai gudu kamar barewa, magoya baya suna ta murna a waya. Su suka sani. Ni na wanke rigar na ninke, na aika Billiri a ajiye wa Ladi. In ta girma ta tambaya, a ce mata ta babanta ce, kada a gaya mata ta wace ƙungiya ce. Gidan Alhaji Manu kuwa na bar shi har abada. Sau ɗaya na durƙusa saboda ƙungiyar nan, kuma ka ce wanda ya ci shi ke durƙusawa. A can ne, Yaya. Nan Wudil ne.

Na bar ka a hannun Ubangijin da ya yi mu duka. Kifin da ka yi mini alkawari na yafe.

Ƙaninka,
Sabi'u mai faci, gindin gada