Inuwar Layinmu

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya marasa lafiyarku na asibiti? Allah ya ba su sauƙi.

Ga hotuna nan na ba direba ya kawo miki, kada ki yi dariya. Na ciro tsohuwar kyamarata daga ƙarƙashin gado na goge ta. Tun da kowa ya zama mai hoto da wayarsa na rufe shago, ba wanda ya sake neman in ɗauke shi. To sai na koma ɗaukar waɗanda ba sa cewa, "Baba, ka ƙara mini hanci." Inuwa nake ɗauka.

Na farkon inuwar keken mai gyaran famfo ce da sassafe, ta miƙe har ta ƙetare titi. Akwai igiyar shanyar mahaifiyarki a jikin bango. Tun rasuwarta ba ta ɗaukar abin da ya wuce rigata da tawul. Sai bencinmu na gindin bishiya. Kin san yadda muke cika shi. Yanzu Malamin Lissafi ya rasu, Mai Agogo ya koma wajen ɗansa, saura ni da Tela, shi ma sai in ɗinki ya yi masa sauƙi. Da hantsi inuwar ganye takan sauka a kan katakon, ɗige-ɗige kamar jikin zabuwa. Ina zaune har ta matsa, in matsa tare da ita.

Kada ki ce in kira ki a waya. Kullum kina sauri, ni kuma maganata ba ta sauri ba ce.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

*

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ka tashi lafiya. A gaishe mini da Baba Tela.

Hotuna sun iso. Na manna na igiyar Mama a jikin madubi, shi nake fara gani in na dawo. Ka sa ni ma na fara kallon ƙasa. A bayan ɗakin masu jinya akwai matattakalar ƙarfe, da la'asar inuwarta takan faɗi a bango kamar haƙarƙari. Nan nake cin abincina ni kaɗai. Na ɗauka da waya, amma bai yi kyan naka ba.

Baba, ka yafe mini in yi tambaya. Hoton bencin ya yi dishi-dishi, na keken kuma an yanke rabin taya. Kai da kake yaga hoto saboda kunnen mutum ya taɓa gefe? Rubutunka ma yana hawa yana sauka daga layi. Yaya idonka? Idan yanar ido ce, aikin ba shi da wuya, a nan kullum ana yi. Ka zo ka zauna wurina, ɗakin ya ishe mu.

Na bar ka lafiya.
'Yarka, Auta

*

Auta,

Na gaishe ki. Saƙonki ya same ni lafiya lau, da idona biyu.

Wato ni za ki koya wa hoto? Dishi-dishin da gangan na yi. Rubutu kuma biro ne ba ya ja. Ku ma'aikatan asibiti, ko atishawa mutum ya yi sai kun nemo masa gado.

In zo in yi me a hawa na sama, ki kulle ni da safe kamar kyanwa? A nan na san lokacin da inuwar tankin ruwa take taɓa ƙofarmu, shi ne nake ɗora shayi. Na san mai shara tun kafin ya iso, domin tsintsiyarsa tana riga shi shigowa layi. Jiya ma wata mata ta gaishe ni, fuskarta ta shige mini cikin haske, amma da na dubi ƙasa na ga inuwa tana ɗingishi sai na ce, "Matar Mai Agogo, yaushe a gari?" Ta yi ta mamaki. Ta zo kwashe sauran kayansu ne, sun sayar da gidan.

Fuskokin mutane yanzu duk sun zama iri ɗaya, ba laifina ba ne. Inuwa ce kowa da tasa.

Ki ci abinci, ki daina cin shi a tsaye.
Mahaifinki

*

Zuwa ga 'yar aminina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ne Tela. Ban iya dogon rubutu ba, kuma babanki ya ce in na faɗa miki ba ni ba shi. To ba ni ba shi ɗin, ai dama kullum cikin faɗa muke.

Ranar Talata da la'asar ya fita da kyamararsa. Masu gyaran hanya sun buɗe kwata a bakin layi ba su rufe ba. Shi kuma ya hango baƙin abu ya miƙe a ƙasa, ya ɗauka inuwar falwaya ce, har yana gyara tsayuwa zai ɗauke ta. Ya taka, sai ciki. Ina kan keken ɗinki na ji ƙarar. Da muka ciro shi, abin da ya fara tambaya shi ne, "Gilashin kyamarar bai fashe ba?" Na ce, "Gilashi lafiya, ƙafarka ce ta kumbura."

Ba karaya, targaɗe ne, an ɗaure. Matata tana kai masa abinci. Amma 'yata, babanki ba ya gani. Wasiƙarki ta baya ni na karanta masa, ya ce wai tabaraunsa ne ya ɓata, alhali yana kan hancinsa. Yanzu yana kwance, ya sa na juya masa gado ya fuskanci taga, wuni yake yana kallon inuwar masu wucewa a labule yana kiran sunayensu. Ba mai shigowa.

Na sauke nauyi.
Babanki Tela

*

Babana,

Ina gaishe ka, ya jiki? Kada ka yi wa Baba Tela faɗa, na san shi yake karanta maka wannan.

Da na gama karanta wasiƙarsa na shiga na wanke wa wani tsoho ido, na ɗiga masa magani, ya ce 'yar kirki ce ni, iyayena sun more. Na fita bayan ɗaki na yi kuka. Inuwar giginya na zama, na nesa ka sha.

Na ɗauki hutu, na yi magana da likitan ido. Ba na ce ka bar gidanka ba. A yi aikin, ka warke, in mayar da kai da kaina. Amma ba zan taho in tilasta ka ba, Baba. Kai nake jira ka ce.

'Yarka, Auta

*

Autata,

Tela ne yake rubutawa, ni nake faɗa, kuma na hana shi ƙari.

Ki zo. Kada ki turo direba.

Idan kin iso, ki ɗaga murya ki yi sallama tun daga ƙofa. Ba na so in tambayi 'yata ko wace ce.

Allah ya kawo ki lafiya.
Mahaifinki