Da Sunan Yayana

Funtuwa, 3 ga Muharram

Zuwa ga mahaifina Malam Nuru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ni ce Mairama, wadda ka bari a goye. Wata maƙwabciyarmu ta dawo daga Hajji, ta ce kana da shagon turare a unguwar Misfala ta Makka, da mata da 'ya'ya huɗu. Ba na neman komai. Shekara talatin ke nan da ka aiko wa Inna takardar saki, haɗe da labarin rasuwar ƙanenka Dawuda. Laifin me muka yi?

'Yarka, Mairama

Makka, 20 ga Muharram

Mairama,

Wa alaikumus salam. Na yi kwana tara ina juya takardarki. Ni ba mahaifinki ba ne, ni ne Dawuda. Yaya Nuru ne ya rasu, zazzaɓi ya kashe shi a ɗakinmu. Yana da iƙama, wato takardar izinin zama, ni ba ni da ita, kuma muna kama. Na ce Dawuda ne ya mutu, aka binne shi a haka. Sakin ma ni na rubuta, don kada innarki ta yi ta jira.

Da sunansa na yi aure, da shi na dangwala yatsa. 'Yata Rim tana rubuta “bint Nuru”. Kwanaki wani ya ƙwala kiran Dawuda a kasuwa, ko waigawa ban yi ba. Nakan ba yara labarin faɗowata daga bishiyar mangwaro, sai bara na duba, babu tabon a ƙafata. Shi ne ya faɗo. Wallahi wani lokaci ina alwala nakan rasa wane ne a cikinmu aka binne. Kunyarki ta hana ni cewa ki yafe.

Ki huta lafiya.

Funtuwa, 9 ga Safar

Baffa,

Ina gaisuwa. Na karanta wa Inna. Ta ce ashe mahaifina bai tsane ta ba. Tambayarta ɗaya: ya ambace ta kafin ya cika? Ka faɗi abin da ka sani kawai.

Mairama

Makka, 25 ga Safar

Mairama,

Ina gaida Inna. Ina tuna ya kira sunanta, amma na sha maimaita wa kaina wannan rana, har ban san ko ni na ƙara ba. Abin da na tabbata, ruwa ya nema, na ɗaga kansa na ba shi.

Baffanki, Dawuda